Baibai

Shekara ashirin da shida ina rubutu baibai
a bakin babbar kasuwar Maraɗi,
ina yanka sunayen mutane a kan roba:
daraktan lakkwal, shugaban direbobi,
mai kantin taki da ke hanyar Tibiri.
Kowa na so sunansa ya sauka a takarda da ƙara,
shuɗi, cikin da'ira.
Jika biyu. In ka iya ciniki, ɗaya da rabi.
Ban taɓa kiran aikin nan da wani suna ba
sai neman hatsi.

Sai ga Tsahara, ɗiyar ƙanena,
da ta tafi Indiya karatun haɗa magunguna,
ta zo hutu da takarda naɗe kamar tabarma.
Ta shimfiɗa min a kan teburi, ta danne kusurwa da kofin shayi.

Baƙi da fari.
Wata mace a duƙe tana dashen shinkafa,
ruwa ya kai mata idon sawu.
Na kai fuska kusa.
Ruwan nan ba zana shi aka yi ba,
ƙwaƙule shi aka yi.
Na gane bakin wuƙa kamar yadda ake gane tari na ɗan'uwa a duhu.
Har na ga inda hannun ya zame
mai aikin ya bar shi haka.

Ta ce, Baffa, a can ma daga irin rumfarka aka taso:
masu hoton kalanda, masu tambarin bandir,
masu zanen kwalin ashana,
ba mai tambayar wa ya sassaƙa.
Daga baya wasu suka ce katakon nan akwai magana a bakinsa.
Wasu suka karce tagulla, wasu suka shafa dutse.
Yau aji guda ake zama a koya,
a ƙasa kuma a sa hannu da fensir.
Ta nuna min: bakwai cikin talatin.

Na ce, to wanne ne na ainihi?
Ta yi dariya har ɗankwali ya zame.
Ta ce, duka talatin ɗin.

Daren nan barci ya ƙi.
Da safe na roƙi Nomau kafinta guntun ƙyaure.
Na zana jar akuyarmu,
wadda ke miƙewa kan ƙafa biyu
tana neman ƴaƴan gawo a bayan danga.
Dare uku, tocila a baki saboda an ɗauke wuta.
A na biyu wuƙa ta ci rabin kunne.
Abin da wuƙa ta ɗauka ba ya jin ban haƙuri.

Tawadar hatimi ta ƙi kama itace.
Na kankaro baƙin tukunya, na dama da man gyaɗa,
na yage takardar buhun siminti,
na murza da bayan cokalin Baraka
tana tsaye tana faɗa a kan cokalinta.

Na ɗaga a hankali.

Akuyar da na sassaƙa tana duban gulbi
ga ta tana duban gari.
Ja ce, ta fito baƙa.
Kunne rabi.
Amma wuyan nan, wallahi wuyanta ne,
da duk kwaɗayin da ke cikinsa.
Baraka ta yi shiru, sannan ta ce, a ba ni wannan.

Tara na buga kafin mai ya ƙare.
Nomau ya rataye ɗaya a saman zarto.
Ɗaya na cikin akwatin Tsahara, tsakanin kilishi da yaji,
za ta ƙetare teku ta gai da mai dashen shinkafa.

Da na zo sa hannu a ƙasa
sai fensir ya tsaya.
Sunan kowa na sani daga ƙarshe zuwa farko.
Nawa, sai da na yi tunani
ta wane gefe ake fara shi.